BAITULMALIN JIKIN ƊAN ADAM: YADDA KITSE KE TARUWA DA YADDA AKE RAGE SHI

Daga wani Jami'in Ilmi, Gusau

A ƙasarmu ta Hausa, tun zamanin kakanni, in aka ga mutum ya yi wuya, ya ajiye teɓa, babbar riga ta zauna masa daram, sai a ce wane ya samu, hutu ya karɓe shi. In kuwa aka ga ya faɗa, sai a shiga tambayarsa ko lafiya. Wannan ra'ayi yana da dalilinsa, gama mutanen da suka ga shekarun fari irin na 1973 da 1984 ba abin da za su hanga a jikin mai ƙiba sai alheri. Amma fa likitoci sun daɗe suna faɗakar da mu cewa kitsen da ya wuce kima, tun ba wanda ya taru a ciki ba, shi ne ke share wa ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki hanya.

Wannan magana ta fi shafarmu, mu masu aikin alƙalami da alli, watau akawuna da malaman makaranta, domin mu ne muke wuni bisa kujera. Kowa ya duba ofishinsu, ko makarantarsu, a Gusau ne, ko Tsafe, ko Bunguɗu, da wuya ya rasa abokin aiki wanda bai ko cika shekara 50 ba, amma kullum yana tafe da ƙwayar hawan jini cikin aljihu.

Na sani sarai wani zai ce, ina mu ina zancen rage ƙiba, alhali kuwa a ƙauyukanmu, inda rashin tsaro ya raba manoma da gonakinsu, abin sawa a baka shi ne ya zama aiki? Gaskiya ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna yara 57 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci. To, amma wannan binciken dai shi ne ya nuna mata 28 cikin 100 a Nijeriya nauyinsu ya zarce yadda ya kamata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa. Watau cuta biyu ke nan suka sauka gida ɗaya, ɗaya a zaure, ɗaya a cikin gida. Yau a kan ta biyun za mu yi magana, da fatan mai karatu zai san yadda jikinsa ke kashe abin da ya ci, ya kuma tsira daga kurakuran da ke sa mutane asarar kuɗi da lafiya gaba ɗaya.

MENE NE ƘARFIN DA JIKI KE AIKI DA SHI?

Dattawanmu da suka ga jirgin ƙasa mai gawayi, wanda hanyarsa ta bi ta Gusau ta dire Ƙaura Namoda a 1929, sun san ko yana tsaye a tasha ba a kashe wutarsa, sai a yi ta zuba mata gawayi don kada tururi ya kwanta. Haka jikin ɗan Adam yake, abinci ne gawayinsa. Wani masani Bafaranshe, Antoine Lavoisier, shi ne ya tabbatar da haka a cikin 1782 da 1783. Ya sa wata 'yar dabba mai kama da ɓera cikin akwatin da ya kewaye da ƙanƙara, ya auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar, ya kuma auna iskar da take fitarwa. Sai ya gane ashe numfashi wani irin ƙuna ne mai tafiya sannu a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi.

Ma'aunin wannan ƙarfi shi ake kira kalori. Kalori 1 na abinci shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin lita 1 ta ruwa da digiri 1. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Ba'amurke, Wilbur Atwater, ya ƙididdige abin da kowane irin abinci ke bayarwa, har yau kuwa da lissafinsa ake aiki. Giram 1 na sukari ko sitaci, irin wanda ke cikin gero da dawa da shinkafa da rogo, yana ba da kalori 4. Giram 1 na abinci mai gina jiki, wanda masana ke kira furotin, irin na wake da nama da ƙwai, shi ma 4. Amma giram 1 na mai, ko na gyaɗa ne, ko manja, ko man shanu, kalori 9 yake bayarwa. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

ƘOFOFI UKU NA FITA

Akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san shafi biyu ne, na shiga da na fita. Shafin shiga na jiki ƙofarsa ɗaya, baki. Shafin fita kuwa ƙofa uku gare shi.

Ta farko, wadda ta fi duka girma, ita ce aikin da jiki ke yi don rai ya ci gaba, ko mutum yana barci. Zuciya na bugawa, huhu na shaƙa, hanta da ƙoda na tace jini, jiki na riƙe ɗuminsa. Wannan kaɗai yana cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da mai zaman ofis ke kashewa a yini. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, ita kaɗai tana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kaso. Kamar albashin ma'aikata ne, ko an yi aiki ko an yi hutu, sai an biya.

Ta biyu ita ce narkar da abincin kansa, wadda ke cin kamar kashi 10 cikin 100. Abinci mai gina jiki ya fi mai da sukari cin ƙarfi wajen narkewa, ya kuma fi su daɗewa yana riƙe ciki.

Ta uku ita ce motsi, ita ce kuma kaɗai take hannun mutum. Ba gudu da ƙwallo kawai ake nufi ba. Tafiya masallaci, tsayuwa gaban allo, shara, jan guga, ɗaukar yaro, duk suna ciki. A nan ne bambancin manomi da akawu yake. Namiji matsakaici mai wuni a zaune yana kashe kalori kamar 2,000 zuwa 2,400 a yini, amma manomi a tsakiyar damina, yana duƙe bisa fartanya tun hantsi, yakan haura 3,000.

Ku dubi yadda zamani ya rufe mana wannan ƙofa. A zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malamin makaranta bisa keke yake zuwa aiki, in ba shi da keke ya taka. Mata su yi sussuka, su yi surfe, su yi daka, su yi niƙa a dutse. Mutanen Kwatarkwashi na dā sun saba da hawa dutse da sauka da kaya a ka. Yau kuwa babur yana ƙofar gida, injin niƙa yana kowace unguwa, wayar hannu ta ɗauke mana ko tafiyar aike. Malmalar tuwo ba ta ragu ba, sai ma lemon kwalba da burodi da taliya da suka ƙaru a kanta. Shiga ta ƙaru, fita ta ragu, to, ina rarar za ta?

MA'AJIYAI UKU

Jiki ba ya zubar da rara, ajiyewa yake yi, kuma wuri uku yake ajiya.

Na farko kamar kuɗin aljihu ne, watau sukarin da ke yawo cikin jini. Duk jinin babban mutum sukarin da ke ciki bai fi cikin cokalin shayi ɗaya ba. Da an ci abinci ya ƙaru, sai wani sinadari da ake kira insulin ya buɗe masa ƙofofin tsoka da hanta ya shige.

Na biyu kamar akwatin ƙarfe ne na ofis, inda ake ajiye kuɗin kashewar yau da gobe. Wani irin sitaci ne da jiki ke ƙullawa, ana kiransa gilaikojin, kamar giram 100 a hanta, kamar giram 400 a tsoka. Kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Wannan ma mai karatu ya riƙe shi.

Na uku shi ne baitulmali, watau kitse. Shi ba ya cika, ko nawa aka kawo zai karɓa. Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kamar 7,700, watau abincin akawu na fiye da kwana uku. Rahama ce Allah ya yi wa bayinsa, gama da wannan ajiya ake tsallake rani da jinya da goyo. Ɓarnar tana zuwa ne in shekara da shekaru ana zubawa ba a ɗiba. Kitsen da ya taru cikin ciki, ya lulluɓe hanji da hanta, shi ne ke sa jiki ya daina jin kiran insulin, sukari ya rasa mashiga ya taru cikin jini. Mafarin ciwon sukari irin na manya ke nan.

Ba a taɓa baitulmali sai kuɗin shiga sun kasa biyan na fita. Wannan ita ce doka, ba kuwa wani shayi ko ƙwaya da ke karya ta. Sa'an nan in an ƙone kitse, ina yake tafiya? Da yawa suna tsammani gumi yake zama, ko ya fita ta bayan gida. A 2014 wasu masana biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka buga lissafin a mujallar likitocin Ingila: in mutum ya ƙone kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu yake fita cikin iskar da muke hurowa, sauran kilo 1.6 ya zama ruwa. Ashe ta hanci teɓa ke fita.

KUSKURE NA FARKO: YUNWAR GANGAN

Wani da likita ya tsorata shi sai ya yanke abinci gaba ɗaya, ya ce daga yau sai shayi da kokwamba. An gwada irin wannan, an ga ƙarshensa. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, Ancel Keys ya sa samari 36 da suka ba da kansu suka yi wata 6 suna cin kamar rabin abincin da suka saba. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Amma ƙarfin da jikinsu ke kashewa a kwance ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, tsokarsu ta zube, sanyi ya dame su, fushi ya yi musu yawa, ba su da zance sai na abinci. Da aka sake su, suka yi ta ci ba ƙoshi, har kitsensu ya zarce na farko.

Jiki ba ya rarrabe yunwar gangan da ta fari. In ya ga shiga ta yanke, sai ya yi abin da kowane ma'aji mai hankali zai yi, ya rage kashewa, ya sayar da kadara. Kadarar kuwa ita ce tsoka. Malamin da ya shiga aji ba kome a cikinsa kwana da kwanaki, kafin tashi ya zama abin tsoro ga yara, da dare kuma ya rama abin da ya bari har da riba.

KUSKURE NA BIYU: ƊAUKAR RUWA A MATSAYIN KITSE

Mutum ya bar tuwo da shinkafa mako guda, ya hau sikeli, ya ga kilo 2 sun tafi, sai murna. Mako na biyu ya ga sikeli ya tsaya, sai ya karaya. Abin da ya faru shi ne, akwatin ofis aka fara ɗiba, gilaikojin ya tafi da ruwan da yake riƙe da shi, baitulmali kuwa kaɗan aka taɓa. Da ya koma cin tuwo ruwan zai dawo.

Irin wannan ruɗi ne ke sa wasu ɗaura leda ko ɗamarar roba a ciki, ko sa rigar sanyi su yi gudu don su yi gumi. Gumi ruwa ne da gishiri, kofi biyu na ruwa sun mayar da shi. A bazarar Gusau, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, wannan wasa yana iya kai mutum ga suma, ya kuma raunana ƙoda.

KUSKURE NA UKU: MAGANIN KASUWA

Ba abin da ya kai wannan cin kuɗin ma'aikata. Ga masu mota da lasifika a bakin kasuwa, ga masu talla ta waya, kowa da shayinsa mai narkar da teɓa cikin kwana bakwai. Yawancin irin wannan shayi abin da ke cikinsa mai sa zawo ne, dangin filasko, ko mai sa yawan fitsari. Abincin da aka ci ya riga ya shiga jini tun a ƙaramin hanji, saboda haka zawo ba ya fitar da kitse, ruwa da gishirin jiki yake kwashewa, rashinsu kuwa yana rikita bugun zuciya. Akwai kuma wata ƙwaya, sibutramin, wadda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 don an ga tana jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki, amma an sha kama ta ɓoye cikin magungunan da aka rubuta musu wai ganye ne zalla. Lemon tsami da ruwan ɗumi da safe ba ya cutarwa, amma ba ya narkar da kome. Kitsen jiki ba maiƙon kwano ba ne.

Gaskiya ne a 'yan shekarun nan an sami allurai masu rage sha'awar abinci, kamar semagulutaid, wadda Amurka ta yarda a yi maganin ƙiba da ita a 2021. Suna aiki, amma suna da tsada ƙwarai, sai da umurnin likita, kuma in an daina yawancin nauyin yakan dawo. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an sami na jabu suna yawo.

Kada mu wuce ba mu ambaci kishiyar wannan ba, watau ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin aure. Daga cikinsu akwai dekzametason, wadda ke kumbura fuska da ciki, ta ɗaga sukari da jini, ta raunana ƙashi. Kumburi daban, ƙiba daban. Malamai mata su ja kunnen ɗalibansu.

KUSKURE NA HUƊU: ABIN DA BA A SA A LISSAFI BA

Sau da yawa za ka ji mutum ya rantse ba ya cin abinci da yawa, kuma gaskiya yake faɗi, tuwonsa kaɗan ne. To, mu buɗe littafi. Shayi kofi 3 a yini, kowanne da sukari cokali 3, ya zama cokali 9, giram 36, kalori 144, ban da madara. Lemon kwalba yawanci akwai sukari kamar giram 10 cikin kowace mililita 100, saboda haka ƙaramar kwalba ɗaya kalori kamar 140 ce. A tara, kusan 280 ke nan a yini, fiye da 8,000 a wata, watau ya zarce abin da ke cikin kilo guda na kitse, kuma duk bai sa mutum ya ji ya ƙoshi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in an tsaya a 6 ya fi. Saboda wannan ne ma dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Kunun zaƙi da zoɓo da fura in an cika musu sukari, hukuncinsu ɗaya da na kwalba.

Sai mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kalori 120 ne. Wake abinci ne mai albarka, amma ƙosai ya sha mai, alala kuwa kaɗan take so. Ɗanwake ba shi da laifi sai an yi masa ambaliya. Soyayyar gyaɗa giram 100, wadda mutum zai watsa baki yana hira bai sani ba, ta kusa kalori 600.

KUSKURE NA BIYAR: DOGARA GA MOTSA JIKI KAƊAI

Mutum matsakaici yana kashe kalori kamar 60 in ya taka kilomita 1. Ashe kafin ya ƙone kilo 1 na kitse da ƙafa kaɗai, sai ya tashi daga Gusau, ya wuce Tsafe, ya wuce 'Yankara, ya shiga Funtuwa, da sauran tafiya a gabansa. Wanda ya yi tafiyar rabin sa'a ya dawo ya saka wa kansa da lemo da fanke, ya mayar da abin da ya fitar. Har wa yau, a 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu wuni suna yawo a daji, suka tarar in an yi la'akari da girman jiki, abin da suke kashewa a yini bai bambanta sosai da na mutanen biranen Turai da Amurka ba. Jiki yana da dabarar tsimi, in an kashe a nan sai ya rage a can.

Kada wani ya ce ashe motsi banza ne. A 1953 likita Jeremy Morris ya bincika ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Direba yana wuni zaune, kwandasta yana wuni hawa da sauka. Ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su farat ɗaya. Motsi yana tsare zuciya, yana saukar da sukari da jini, yana kiyaye tsoka, yana kuma taimakon wanda ya rage nauyi kada ya koma. Rage kitse daga akushi yake farawa, tsare lafiya kuwa sai an haɗa da ƙafa.

KUSKURE NA SHIDA: NEMAN RAGE TEƁA ITA KAƊAI

Wasu suna kwanciya su yi ta tashi zaune sau ɗari, wai su ƙone kitsen ciki. Tsokar ciki za ta yi ƙarfi, amma kitsen da ke bisanta ba nata ba ne ita kaɗai. A 1971 an auna hannuwan 'yan wasan tanis, waɗanda ke aiki da hannu ɗaya shekara da shekaru, aka ga hannun wasan ya fi tsoka, amma kaurin kitse ɗaya ne a duka biyun. Mu ma muna iya duba hannun maƙeri. Jiki daga ko'ina yake ɗibar ajiyarsa. Abin farin ciki shi ne, kitsen cikin ciki, mai haɗarin, yana cikin masu saurin tafiya in nauyi ya fara sauka.

KUSKURE NA BAKWAI: ƁATA RIBAR AZUMI

Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna masu azumin Ramadan sukan rage kamar kilo 1, amma 'yan makonni bayan Salla ya dawo. Dalili a fili yake. Wanda ya sha ruwa da kunu mai sukari, da ƙosai, da soyayyar doya, da lemo, sa'an nan ya bi da tuwo, ya tattara abincin yini cikin sa'a biyu. Malamanmu sun sha karantar da mu a bar wa ruwa da numfashi rabonsu a ciki, likitoci kuwa ba su zo da abin da ya fi wannan ba.

TO, MENE NE ABIN YI?

Da fari, a auna. A karɓi awon tela a zagaya ciki daidai cibiya. Namiji in ya kai inci 37, mace inci 31 da rabi, a fara hattara. In namiji ya kai 40, mace 35, haɗari ya yi yawa. Wata ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. Sa'an nan a je a auna jini da sukari, ko a asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Gusau, ko na ƙwararru na Yariman Bakura, ko babban asibitin Tsafe, ko na Bunguɗu.

Na biyu, a rage kaɗan, a dawwama. Wanda ya rage kalori kamar 500 a yini zai sauke kusan rabin kilo a mako da farko, daga baya tafiyar ta yi sanyi, wannan kuwa ba alamar kasawa ba ce. Ba sai an sayi abincin Turawa ba. Jiharmu da ke taƙama da noma tana da duk abin da ake bukata. A rage malmala, a ƙara miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa. A riƙa cin kwaɗon zogale da rama. Kowane ci a sa abin gina jiki, wake ne, ko awara, ko ƙwai, ko kifi, ko nono marar sukari, don kitse ya tafi tsoka ta zauna. Gero da dawa da ba a cire musu dusa duka ba sun fi burodi da farar shinkafa riƙe ciki. Ƙishirwa kuwa ruwa ne maganinta.

Na uku, a motsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami aƙalla minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, da aikin ƙarfi sau biyu. Minti 30 ke nan sau biyar. Tun da halin da ake ciki bai bar mutum ya yi nisa da gari ba, a haɗu uku ko huɗu bayan Asuba a zagaya filin makaranta. Malami ya koyar a tsaye, akawu ya kai fayil da ƙafarsa maimakon aiken masinja. A kuma sami barcin sa'a 7, gama rashin barci yana ƙara yunwa.

Kada a raina kaɗan. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, wanda aka buga a 2002, ya nuna waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 ke nan da 'yan kai.

Akwai waɗanda wannan shawara ba tasu ba ce sai da izinin likita: mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin sukari, domin rage abinci bisa magani yana iya kayar da shi. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba da nufinsa ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko ga tari ya ƙi ƙarewa, kada ya yi murna, asibiti zai nufa.

Daga ƙarshe, kira gare ku malamai, da ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Maru, da ta mata da ke Gusau, da na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba, ku sa shi cikin darasin kiwon lafiya da na lissafi. Ku hana yara yi wa mai ƙiba dariya, gama gado da halitta suna da hannu a ciki, gori kuwa bai taɓa rage wa kowa nauyi ba. Ku kuma sa ido ga yaron da ya zo aji ba karin kumallo, shi ma wannan ilmi nasa ne. Teɓar da aka yi shekara goma ana tarawa ba za ta tafi cikin kwana goma ba, amma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.